Baƙar Ɗamarar Ɗana Za Ta Biya Masa Kuɗin Jami'a?

TAMBAYA

  Ni ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, ina da 'ya'ya shida. Babbansu, Sadiq, shekararsa 17, yana ajin ƙarshe na sakandare. Tun yana ɗan shekara tara yake zuwa atisayen tekwando, yanzu ya kai baƙar ɗamara, kuma ya taɓa ciyo wa jiharmu lambar azurfa a gasar matasa. Kwanakin baya wani mutum ya zo wurin atisayensu, ya ce yana da hanyar samo wa yara irinsa sukolashif a jami'o'in Amurka, karatu da abinci da wurin kwana duk kyauta, saboda wasan kawai. Sai dai za a biya naira miliyan 3 na aikin takardu, rabi yanzu, rabi in biza ta fito. Abin da na mallaka fili ne guda ɗaya. Mahaifiyarsa ta ce kada in taɓa shi. Shi kuwa yaron ya ƙwallafa rai, har ya fara yi wa karatun WAEC riƙon sakainar kashi, wai ai a Amurka ɗamara ake dubawa. Malam, barci ya ƙaurace mini. Ina tsoron in sayar a cuce ni, ina kuma tsoron in ƙi, in zama ni na toshe wa ɗana arzikinsa. Da gaske ne ana samun irin wannan tallafi? In ana samu, ta ina ake bi?

Baban Sadiq, Kaduna.

AMSA

Baban Sadiq, Allah ya raya Sadiq da ƙannensa, ya yi musu albarka. Na karanta wasiƙarka sau biyu. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko wasan da yaro ya shekara takwas yana zubar wa gumi zai iya kai shi jami'a, da kuma ko mutumin nan na wurin atisaye shi ne ƙofar. Amsar ta farko ita ce e, amma ta wata hanya daban da wadda aka zana maka. Amsar ta biyu kuwa a'a ce. Ka bar filinka inda yake, ka kwanta ka yi barci yau.

Bari in ɗan tsaya kan tsoron da ka ambata a ƙarshe, don na lura shi ne ya fi cin ranka. Uba ba ya son ranar da ɗansa zai dube shi ya ce, da ka yarda a lokacin nan da yanzu ina wani wuri. Masu irin wannan sana'a sun san haka sarai. Shi ya sa ba sa zuwa ofishinka ko masallacin unguwarku, sai su je inda yaran suke, su fara shuka maganar a zuciyar yaro, sannan su bar shi ya zo ya girbe kuɗin a hannun mahaifinsa. In ka tsaya ka yi bincike kafin ka fitar da kuɗi, ba ka toshe arzikin kowa ba. Gurbin da yake na gaske ba ya gudu don uba ya nemi mako biyu ya yi tambaya.

Yanzu ga yadda abin yake a Amurka. Gaskiya ne jami'o'insu suna ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa, kuma 'yan Najeriya da yawa sun amfana, musamman 'yan tsere da 'yan ƙwallon kwando. Amma kuɗin ba ya bin kowane wasa. Akwai babbar hukumar wasannin jami'o'i da ake kira NCAA, da wasu ƙanana biyu, NAIA da NJCAA. Wasan da ke cikin jerin waɗannan hukumomi shi jami'a ke ware wa koci da albashi da kasafin ɗaukar 'yan wasa. Ko a cikin NCAA ɗin ma, rukuni na ɗaya da na biyu ne ke ba da tallafin wasa, rukuni na uku ba ya bayarwa ko sisi.

To, tekwando ba ya cikin jerin NCAA. Judo ba ya ciki, kareti ba ya ciki. Damben zamani ya taɓa shiga, amma aka cire shi bayan gasar 1960, shekarar da wani ɗan damben Jami'ar Wisconsin, Charlie Mohr, ya rasu sanadiyyar bugun da ya sha a kai. A cikin wasannin faɗa da mutum biyu ke fuskantar juna, kokawa ce da wasan takobi suka rage.

Wannan ba ya nufin ba a yin tekwando a jami'o'in Amurka. Ana yi sosai, har da gasar ƙasa ta ɗalibai. Amma a matsayin kulob ake yinsa, wato ƙungiyar ɗalibai masu sha'awa, waɗanda sau da yawa su ke haɗa kuɗin mota da na masauki in za su gasa. Ka ɗauki Jami'ar San Jose da ke Kalifoniya, wadda babu kamarta a judo a duk ƙasar. Marigayi Yosh Uchida, wanda ya jagoranci tawagar judo ta Amurka zuwa Olamfik na Tokyo a 1964, ya shafe fiye da shekara 70 yana horarwa a can, ya rasu a 2024 yana da shekara 104. Ɗalibansa sun ciyo lambobin Olamfik, irin su Mike Swain a 1988 da Marti Malloy a 2012. Duk da wannan tarihi, judon San Jose bai taɓa zama wasan NCAA ba. Ɗan taimakon da irin waɗannan kulob-kulob ke samu daga tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni yana rage wa ɗalibi nauyi ne kawai. A ƙasar da kuɗin shekara ɗaya a manyan jami'o'i masu zaman kansu ke haura dala dubu 80, rage nauyi da ɗauke nauyi ba su yi kusa da juna ba.

Ka ga ke nan, hajar da mutumin nan ya zo yana talla babu ita a kasuwar da ya ce daga can ya saro ta.

In kana son ka gani da idonka, tunda gani ya kori ji, ka kira shi cikin mutunci ka yi masa tambaya uku. Wace jami'a ce, da sunanta? Wane ne kocin da ya ga bidiyon Sadiq, kuma ina adireshinsa na imel na jami'ar, wanda a Amurka yake ƙarewa da .edu? Kuɗin nan miliyan 3, nawa ne zai tafi ina, kuma wa zai ba da rasit? Za ka ji ya fara cewa sirrin sana'a ne, ko gurbin saura biyu, ko akwai wani Alhaji da ke jira in ba ku shirya ba. Kocin jami'a na gaske ba ya karɓar kuɗi don ya ɗauki ɗan wasa, shi ne ma ke nemansa. Takardar da ake neman bizar ɗalibi da ita, wadda ake kira I-20, jami'a ce ke aiko wa ɗalibi ita kai tsaye bayan ta ɗauke shi. Kuɗin rajistar ɗalibai baƙi da ake kira SEVIS, dala 350 a 'yan shekarun nan, da kuɗin neman biza, dala 185, mutum ne ke biyansu da kansa ga gwamnatin Amurka. Babu inda dillali ya shigo.

Na taɓa zama da wani uba da ya sayar da shanu biyu da keken ɗinkin matarsa ya ba irin wannan mutum. An kawo masa takarda mai tambarin zinare, da hoton wani gini mai jan bulo. Da muka rubuta wa jami'ar da sunanta ke jikin takardar, suka amsa cikin kwana uku cewa ba su san yaron ba, ba su ma da wasan da aka ambata. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yaron ya riga ya yi sallama da abokansa, ya raba kayan sawarsa. Ya fi wata shida ba ya fita ƙofar gida da rana.

Saboda masu karatu da ke leƙen wannan amsa, bari in yi maganar kokawa, don ita ce ta fita zakka. Kokawar zamani tana cikin NCAA da NAIA da NJCAA, kuma kokawar mata ma ta sami cikakken matsayi a NCAA a 2025. Kamaru Usman, wanda aka haifa a Auchi ta jihar Edo, ta wannan ƙofa ya bi: ya yi kokawa a Jami'ar Nebraska da ke Kearney, ya zama zakaran ƙasa na rukuni na biyu a 2010, kafin ya ɗauki kambun gasar faɗa ta UFC a 2019. Amma a tuna, yana ɗan shekara takwas iyayensa suka kai shi Amurka, a sakandaren Texas ya koyi kokawar, a gaban idon masu neman 'yan wasa. Daniel Igali na Bayelsa shi daga gida ya tafi da ƙwarewarsa. Ya je Kanada gasar Commonwealth a 1994, ya zauna, ya yi karatu a Jami'ar Simon Fraser yana yi mata kokawa, ya ciyo wa Kanada zinare a Sydney a 2000, daga baya ya dawo ya shugabanci hukumar kokawa ta Najeriya. Ko a kokawar ma ba kowa ke samun cikakken tallafi ba. Shekaru da dama kafin 2025, ƙa'idar rukuni na ɗaya ita ce kuɗin ɗalibi 9.9 ake raba wa tawagar da ke da mutum wajen 30, sai a yi ta yanka shi kamar tsire.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu da muka gaji kokawa tun kaka da kakanni, daga Sakkwato da Argungu har filin Takobin Ƙasa na Nijar, ba mu cika maida yaranmu kan katifar kokawar zamani ba, mun bar wa Bayelsa da Ondo fagen. Yaron da ya iya kayar da tsaransa a yashi yana ɗan shekara 12, in ya sami koci ya koya masa ƙa'idojin katifa, kuma bai yar da boko ba, ya fi ɗan tekwando kusa da tallafin Amurka nesa ba kusa ba. Dambenmu na gargajiya kuwa, duk da yana cikin Bikin Wasanni na Ƙasa, kuma bidiyonsa na yawo a duniya, babu shi a tsarin wasannin jami'o'in waje. Ban ce Sadiq ya sauya sheƙa yanzu ba, shekara 17 ta yi nisa ga wannan.

To, shekara takwas ɗin nan ta tafi a banza ke nan? Ko kaɗan. Sai dai a gane aikin ɗamarar. Sakamakon jarrabawa ne ke buɗe ƙofa, ɗamara kuma ita ke sa a tuna da fuskar yaro bayan ya shiga. Masu tantance neman tallafi suna zama da takardu dubbai, kowa da kiredit ɗinsa masu kyau, kowa ya rubuta cewa yana son ya taimaki al'ummarsa. Sai ga wani yaro daga Kaduna da ya shekara takwas yana tashi da asuba zuwa atisaye, ya sha kaye ya tashi, ya rage nauyi don ya shiga ajinsa a watan azumi, yanzu kuma yana koya wa ƙananan yaran unguwa ranar Asabar. Wannan labari ne da ake tunawa. Amma in babu sakamakon, takardar ba za ta ma kai teburin da za a karanta labarin ba. Don haka maganar Sadiq cewa ɗamara ake dubawa ita ce kuskure mafi tsada a duk wasiƙarka, ta fi miliyan ukun tsada.

In Amurkar ce dai a ransa, hanyar da ta dace da ɗan ƙaramin ma'aikaci ita ce jami'o'in da ke ba da tallafi gwargwadon buƙatar iyali. Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst suna cikin waɗanda in sun ɗauki ɗalibi, ko daga ina yake, suna cike masa abin da iyayensa ba za su iya biya ba. Shiga can sai wanda sakamakonsa ya yi fice ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Gwamnatin Amurka tana da cibiyoyin ba ɗalibai shawara, EducationUSA, a Abuja da Legas, kuma su ne wurin da ya kamata a fara tambaya. Ka kuma sani dokokin bizarsu sun tsananta tun 2025, sun shafi ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Kafin a biya kuɗin fom ko ɗaya, a tabbatar daga ofishin jakadancinsu cewa ƙofar bizar ɗalibi a buɗe take ga mai fasfo irin na Sadiq.

Ni da za a bi shawarata, da gabas za mu fi duba. Tekwando ɗan Koriya ta Kudu ne, can cibiyarsa take, Kukkiwon, da aka kafa a Seoul a 1972. A can wasan nan fanni ne na digiri: jami'o'i irin su Yong In da Kyung Hee suna da sashen tekwando sukutum, da farfesoshinsa. Gwamnatin Koriya tana da tallafin da ake kira GKS, wanda ke biyan kuɗin makaranta da tikitin jirgi da alawus na wata-wata, da shekara guda ta koyon harshensu kafin a fara darasi. Na digirin farko ana neman wanda bai kai shekara 25 ba, mai sakamakon da ya kai kashi 80 cikin 100, kuma sanarwar kan fito wajen watan Satumba, ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja. Guraben da ake ware wa kowace ƙasa ƙalilan ne, kuma kowace shekara akwai jerin jami'o'i da fannonin da aka yarda a nema, sai a karanta shi da kyau. Wannan ma tallafin karatu ne, sakamako ake fara dubawa. Amma ka yi tunanin mai tantancewa Bakoriye da ya ga yaro daga Najeriya yana riƙe da shaidar Kukkiwon, ya san ƙidaya da gaisuwa da harshensu tun yana ƙarami. Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja tana koyar da harshen, tana kuma da hannu a harkar tekwando a ƙasar nan. Ya kamata su san fuskar Sadiq.

Turkiyya ma tana da nata, Türkiye Bursları, wanda yaranmu na Arewa da yawa suka tafi da shi. Ana cike shi ta intanet kyauta, a tsakanin Janairu da Fabrairu. Yana ɗauke da kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da alawus da shekarar koyon Turkanci. Na digirin farko sai wanda bai kai shekara 21 ba, da sakamakon aƙalla kashi 70, likitanci kuwa 90. Turkiyya ƙasa ce mai ƙarfi a tekwando da kareti da kokawa, kusan kowane babban gari akwai kulob mai kyau, ga masallaci ga abincin halal, abin da na san zai kwantar wa mahaifiyarsa da hankali. Masu judo su kuma su dubi tallafin gwamnatin Japan, MEXT, wanda ake yi wa jarrabawa ta ofishin jakadancinsu. Wanda ya ƙirƙiro judo a 1882 sunansa Jigoro Kano, amma kada Kanawa su yi saurin cewa ɗan'uwansu ne, sunan ne kawai ya zo ɗaya.

Akwai wani tallafin da ake yawan rikita shi da na jami'a, wato na Kwamitin Olamfik na Duniya, wanda ake kira Olympic Solidarity. Shi kam don wasan ake ba da shi. Amma kuɗin atisaye ne da tafiye-tafiyen gasa, ga ɗan wasan da ake ganin zai iya kai wa Olamfik, kuma ta hannun hukumar wasansa da kwamitin Olamfik na ƙasarsa ake nema. Maƙwabcinmu Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya yi zaman horo a Jamus, ya ciyo azurfa a Rio a 2016, lambar Olamfik ta biyu a tarihin Nijar bayan tagullar ɗan dambe Issaka Daboré a 1972, sannan ya zama zakaran duniya a 2017. In Sadiq ya kai wannan mataki, su za su nemo shi. Tsanin kuwa a bayyane yake: gasar jiha, Bikin Wasanni na Ƙasa, sansanin tawagar ƙasa, sannan gasannin da hukumar tekwando ta duniya ke ba da maki a kansu.

Kada kuma mu raina gida. Chika Chukwumerije, wanda ya ciyo wa Najeriya tagulla a tekwando a Beijing a 2008, a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri ya karanta injiniyan kanikanci. A gida ya yi digirinsa kafin ya hau mumbarin Olamfik. Jami'o'inmu suna da gasarsu, NUGA, tun 1966, kuma tekwando da judo suna ciki. Daga nan ake samun damar zuwa gasar jami'o'in Afirka da ta duniya. Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa da ku a Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da sashen ilimin motsa jiki, in ya ga nan zuciyarsa ta karkata, in kuma injiniya ko lissafi yake so, ba abin da zai hana shi yi wa jami'arsa wasa. Ranar da ya yi rajista ya nemi ofishin daraktan wasanni da takardunsa a hannu. Ɗan wasan da ke ciyo wa makaranta lamba yakan sami sassauci a wasu abubuwa, ko da ɗakin kwana ne, amma sai ya gabatar da kansa.

Batun kuɗin makaranta a gida, akwai hukumar tallafin karatu ta jiha, akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024, bashi marar ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati. Sannan ga makarantar horar da sojoji ta NDA a cikin garinku, da Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, inda ake fita da digiri da aiki a hannu, kuma jikin da ya saba da horo yana da rinjaye a gwajin shiga. Duka biyun sai da JAMB da kiredit. Ka ga mun sake dawowa kan littafi.

Yanzu abin da za ku yi a watannin nan, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Na farko, ka tambayi kocinsa, baƙar ɗamarar nan wa ya ba da shaidarta? In takardar kulob ce kawai, mai sa hannun koci, tana da daraja a wurinmu amma ba ta tsallaka iyaka. Shaidar da duniya ta sani ita ce ta Kukkiwon, mai lamba, wadda kowa zai iya bincika ta intanet. Wanda bai kai shekara 15 ba ana ba shi matakin yara da suke kira pum, in ya girma a mayar masa da shi dan. Ta hukumar tekwando ta ƙasa ake bi, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da abin da dillalin nan ya nema ba.

Na biyu, kuma ina roƙonka ka ba wannan muhimmanci, ka ɗauko duk takardun yaron ka baje su a tabarma: takardar haihuwa, NIN, rajistar WAEC da JAMB, shaidar gasa, fasfo in akwai. Suna ɗaya ne a jikinsu, da rubutu iri ɗaya? Ranar haihuwa ɗaya ce? Mu Hausawa muna da wannan matsala, a nan Sadiq, a can Abubakar, a wata takardar Abubakar Sadiq da sunan kaka, a wata da sunan unguwa. Ga wata cutar da ta fi wannan: rage shekaru don yaro ya shiga gasar 'yan ƙasa da 15 ko 17. Ana yi, kowa ya sani, wani lokacin ma ba da sanin iyaye ba. Ranar da jami'ar waje ko ofishin jakadanci ya ga shekarar haihuwa biyu ga mutum ɗaya, magana ta ƙare, ba sa neman bayani. In akwai saɓani, a gyara shi yanzu ta hanyar hukuma, tun abin yana hannunku.

Sauran masu sauƙi ne. A sami fayil guda a tara kowace shaidar gasa, da sunan gasar da shekara da ajin nauyi da matsayin da ya zo, a ɗauki hotonsu a ajiye a imel. A ɗauki bidiyon faɗa biyu ko uku cikakku, daga gaisuwa zuwa hukuncin alƙali, ba guntayen da aka yanko aka sa musu kiɗa ba, don koci yana son ganin yadda yaro ke yi in an ci shi maki. A karɓi wasiƙar shaida daga kocinsa da wani malamin makaranta da ya san shi da gaske. Shi kuma Sadiq ya fara gwada rubuta labarin kansa da Turanci, shafi ɗaya, da hannunsa. Kada a ba mai shagon intanet ya kwafo masa na wani, masu karantawa sun ga irinsa sau dubu.

Saura yadda za ka gaya masa. Kada ka ce masa mafarki yake yi, kuma kada ka hana shi atisaye a matsayin horo, don atisayen nan shi ya tsare maka shi daga majalisar banza shekara takwas. Ka zaunar da shi kamar babba, ka ba shi wannan shafi ya karanta da kansa, ka bar shi ya yi wa mutumin tambayoyin nan uku da bakinsa a gabanka. Yaron da aka koya wa karanta motsin abokin karawa zai gane mai kauce-kauce in ya gan shi. Daga nan ku yi yarjejeniya: daga yanzu zuwa ƙarshen WAEC, atisaye kwana biyu ko uku a mako, sauran na littafi, musamman Turanci da lissafi da darussan fannin da yake so. Ka sa kocinsa a cikin maganar. Sau da yawa kalma ɗaya daga koci ta fi goma daga uba shiga kunnen ɗan wasa, kada wannan ya ɓata maka rai, haka shekarun suke. Ka kuma ja kunnen kocin a kan barin baƙi suna shigowa wurin atisaye suna tallar biza, don ba Sadiq kaɗai aka yi wa maganar ba.

Mahaifiyarsa ta yi gaskiya, ka gaya mata na ce haka, ka kuma isar mata da gaisuwata. Filin nan zai yi rana, wataƙila ranar da za a sayi tikiti na gaske, wataƙila ranar karatun ƙannensa biyar da ke tafe.

In sakamakon WAEC ya fito, Baban Sadiq, ka sake rubuto mini da abin da ya samu a kowane darasi da makinsa na JAMB, mu zauna mu zaɓi wurare uku da zai nema. Allah ya ba shi sa'a.